Gidanmu Na Canza Adireshi: Yadda Nake Shiga Kwamfutar Gida Daga Makaranta

Wata ranar Talata a zangon da ya wuce na sha kunyar da har yau in na tuna sai na ji zufa ta karyo min. Furojet ɗina manhaja ce ta lissafin kaya da na rubuta wa shagon Babanmu na kayan gini: buhun siminti nawa ya shigo, bandir ɗin kwano nawa ya fita, wa ake bi bashi. Shagon yana jikin gidanmu, intanet ɗaya muke amfani da shi, manhajar kuma tana kan wata tsohuwar kwamfutar tebur da ke bayan kanta. Daga nan zuwa garinmu tafiyar awa huɗu ce. Sufabaizana ya ce shi ba hotuna yake son gani ba, so yake ya ga abin yana aiki da bayanan shago na gaskiya. Na ce ai wannan mai sauƙi ne, Malam.

Ƙarshen mako na je gida, na shirya komai, na rubuta adireshin intanet ɗin gidan a bayan littafina. Na fita bakin titi na gwada da datar wayata, shafin ya buɗe tas. Ranar Talata na shiga ofishin Malam ina taƙama, na buga lambobin nan a burauza. Shiru. Na sake bugawa, shiru. Na kira ƙanena, ya rantse kwamfuta a kunne take, intanet ma yana aiki, ga shi nan yana kallon ƙwallo. Malam ya dube ni ta saman tabarau ya ce in dawo in na shirya.

Abin da ya faru shi ne daren Litinin an ɗauke wuta, rauta ta mutu, da ta tashi sai kamfanin intanet ya ba ta sabon adireshi. Lambobin da ke bayan littafina sun koma na wani gidan daban. Maganin wannan matsala shi ake kira DDNS, kuma ba 'yan sashen kwamfuta kaɗai ya shafa ba. Duk wanda ke da kyamarar tsaro a gida, ko kwamfuta mai ajiyar fayiloli, ko ɗan injiniyan lantarki da ya haɗa na'urar lura da batirin sola yana son ya leƙa ta daga hostel, zai ci karo da ita.

Bari mu faro daga tushe. Duk abin da ke magana a intanet yana da lamba, ita ce adireshin IP. Irin wanda aka fi amfani da shi, IPv4, lambobi huɗu ne da ɗigo a tsakaninsu, kamar 203.0.113.45. Gaba ɗayansu kimanin biliyan 4.3 ne, waɗanda suka tsara abin kuma a lokacin gani suke sun yi yawa. Ba su isa ba. A watan Fabrairun 2011 hukumar IANA ta raba ragowar manyan rukunan da ke hannunta ga hukumomin yankuna biyar, cikinsu har da AFRINIC mai kula da Afirka, wadda ofishinta ke Maurishiyos. Tunda abin ya yi ƙaranci, kamfanonin intanet ba sa ba mai gida adireshi ya zama nasa har abada. Aro suke ba ka. In wa'adin aron ya cika, ko layin ya yanke ya sake haɗuwa, ana iya ba ka wani. A ƙasar da rauta ke yin wata shida ba ta mutu ba, mutum zai iya daɗewa bai lura ba. Mu kuwa da ake ɗauke mana wuta sau uku kafin azahar, kun san zancen.

Ga mai kallon YouTube wannan canji bai dame shi ba, domin shi ne ke fita nema, amsa kuma tana biyo hanyar da ya bi. Matsalar tana tasowa ne idan kai ne kake waje kana neman gidan.

Sai maganar DNS. Ba wanda ke haddace lambobin Google ko Facebook; suna muke bugawa. DNS shi ne tsarin da ke karɓar suna ya ba da lamba, kamar yadda kake danna "Umma" a wayarka ita kuma ta san lambar da za ta kira. Paul Mockapetris ne ya tsara shi a 1983. A yadda aka saba, mai shafi yakan rubuta lambarsa sau ɗaya ya bar ta shekara da shekaru. DDNS kuwa, wato DNS mai sauyawa, an yi shi ne domin mai lambar da ba ta zama wuri ɗaya.

Kowa a cikinmu yana da aboki irin wannan, mai canza layi kamar riga. Yau wannan lamba, jibi wata. To a ce kun yi yarjejeniya da shi: duk sanda ya canza layi, kafin ya yi komai, zai je wurin mai cajin waya na bakin get ya ce ga sabuwar lambata. Kai kuma ka daina ajiye lambarsa kwata-kwata; in kana nemansa sai ka tambayi mai caji. Mai cajin nan shi ne kamfanin DDNS. Abokin shi ne rautar gidanku. Zuwan da yake yi ya kai rahoto kuma wata 'yar manhaja ce ke yin sa, wadda take duba adireshin gidan lokaci-lokaci, in ta ga ya canza ta aika wa kamfanin. Shi ke nan fa. Kai suna ɗaya ka riƙe, lambar da ke bayansa ta yi ta canzawa, ba ruwanka.

Akwai wani ɗan abu da ke sa tsarin ya yi aiki, wanda ban gane muhimmancinsa ba sai daga baya. Idan kwamfutarka ta tambayi lambar wani suna, ba ta sake tambaya kowane daƙiƙa. Tana riƙe amsar na wani lokaci. Tsawon lokacin ana kiran sa TTL, mai sunan ne kuma ke ƙayyade shi. Manyan shafuka na iya sa awanni. Masu DDNS sukan sa shi gajere ƙwarai, sau da yawa daƙiƙa 60, don kada duniya ta riƙe tsohuwar lamba. Saboda haka in wuta ta dawo a gida, ka haɗa lokacin da rauta za ta tashi, da lokacin da 'yar manhajar za ta kai rahoto, da wannan minti guda. Mintuna kaɗan ne, amma a cikinsu za ka ga kamar komai ya lalace. Ka yi haƙuri ka sake gwadawa kafin ka fara kiran gida kana faɗa.

Wajen samun suna, ɗalibi ba ya buƙatar kashe ko kwabo. Dyn, wanda sunansa DynDNS ya zama kamar sunan abin gaba ɗaya, ya daina bayar da na kyauta a 2014, don haka in ka ga tsohon bidiyo yana cewa ka je can, wuce shi. No-IP yana ba da suna kyauta, irin mai ƙarewa da ddns.net, amma da sharaɗin kowane kwana 30 ka shiga ka tabbatar kana amfani da shi, in ba haka ba ya tafi. Ni na san kaina. Mutumin da ke manta ranar tes ba zai tuna wannan ba. Sai na zaɓi DuckDNS, wanda kyauta ne kuma babu wannan sharaɗi. Za ka shiga da asusunka na Google ko GitHub, ka zaɓi suna, a ba ka wani abu kamar sunanka.duckdns.org, tare da wata doguwar lambar sirri da suke kira token. Ka riƙe ta kamar lambar katin ATM, domin duk wanda ya same ta zai iya karkatar da sunanka zuwa tasa kwamfutar.

Sai kuma wa zai riƙa kai rahoton. In rautarku tana da wurin DDNS a cikin setin ɗinta, ita ta fi dacewa, don ita ce ta fara sanin adireshi ya canza. Rautocin TP-Link da yawa suna da wurin No-IP, wasu ma suna da nasu na kamfanin. Asus da MikroTik su ma suna ba da nasu sunan kyauta. Tamu ta gida irin wadda kamfani ke kawowa ce a kulle, ba ta da wurin DuckDNS, sai na ɗora aikin a kan kwamfutar shagon, wadda ke aiki da Linux. Layi ɗaya ne kawai: kwamfutar ta buɗe adireshin duckdns.org/update tare da sunana da token ɗina. In an bar gurbin lamba babu komai, su da kansu suke duba inda saƙon ya fito su rubuta wannan lambar. In ya yi, amsar ita ce OK. In bai yi ba, KO. Na sa cron ya riƙa maimaita layin kowane minti biyar. Mai Windows zai iya yin irin wannan da Task Scheduler, ko ya sauke manhajar da No-IP ke bayarwa. Don ka tabbatar, buga nslookup sannan sunanka a kowace kwamfuta, ka ga ko lambar da ta fito ta yi daidai da ta gidan.

A nan mutane da yawa ke tsayawa su ɗauka an gama, alhali suna kawai aka samu. DDNS zai kai ka ƙofar gida ne, ba zai shigar da kai ba. Gidanku adireshi ɗaya gare shi a idon duniya, amma a ciki akwai wayoyi bakwai, talabijin, kwamfuta, kowanne da lambarsa ta cikin gida, irin masu farawa da 192.168. Waɗannan lambobi ba sa aiki a waje. Miliyoyin gidaje suna amfani da iri ɗaya. Rauta ita ce maigadi. In na ciki ya aika a sayo masa abu, maigadi ya san ɗakin da zai kai. In baƙo ya zo daga waje ba wanda ya aike shi, maigadi bai san ɗakin da yake nema ba, sai ya kore shi. Dole ka bar masa umarni: duk wanda ya zo ta ƙofa mai lamba kaza, ka kai shi ɗaki kaza. Ƙofofin nan su ake kira fot, kowane aiki da tasa: 80 da 443 na shafukan yanar gizo, 22 na SSH, 3389 na shiga allon Windows daga nesa. Kafin ka ba da umarnin, ka sa rauta ta riƙa ba kwamfutar lambar cikin gida guda ɗaya kullum. In ba ka yi ba, wata rana wayar ƙanwarka za ta riga ta haɗuwa ta karɓe lambar, maigadi ya yi ta kai baƙinka ɗakin da ba shi ba.

Kuma in za ka gwada, kashe Wi-Fi ka yi da datar waya. Rautoci da yawa ba sa iya juyo da kai ciki in ka kira sunan daga cikin gidan, sai ka ɗauka bai yi ba alhali ya yi.

Yanzu ga wurin da nake son ku buɗe kunne, domin shi ne zai raba wanda DDNS zai yi wa amfani da wanda zai ɓata ƙarshen makonsa a banza. Ni na yi sa'a, layin gidanmu na kebul ne, kuma ana ba mu adireshi na fili ko da yana canzawa. Yawancinmu kuwa MiFi ko rauta mai cin SIM ce a gida. Kamfanonin waya galibi ba sa ba kowane layi adireshin fili. Sukan tara masu amfani da yawa a bayan adireshi ɗaya. Wannan shi ne CGNAT. Wato bayan maigadin gidanku akwai wani babban maigadi a bakin unguwa, shi kuma ba yaronka ba ne, ba ka da ikon ba shi umarni. DDNS zai yi aikinsa tsaf, ya rubuta lamba, amma lambar ta ƙofar unguwa ce, baƙonka a can zai tsaya. Wani abokina ɗan ajinmu ya kwana biyu yana fama da setin rauta, har ya fara zargin rautar jabu ce, ashe wannan ne.

Gwajin ba ya cin minti biyu, kuma shi ya kamata ka fara yi kafin komai. Shiga shafin rautarka, ka nemi inda aka rubuta adireshin WAN. Sannan ka buɗe ɗaya daga cikin shafukan da ke nuna maka adireshin da duniya ke ganin ka da shi. In lambobin biyu iri ɗaya ne, hanya a buɗe take. In sun bambanta, musamman in ta rautar ta fara da 10, ko tana tsakanin 100.64 da 100.127, to kana bayan babban maigadi. Wannan rukuni na 100.64 an ware shi ne musamman don CGNAT a 2012. Ko Starlink, da ya fara aiki a Najeriya a farkon 2023, a tsarinsa na gidaje CGNAT yake amfani da shi wajen IPv4.

In ka samu kanka a nan, ba a rasa mafita ba. Kana iya tambayar kamfanin ko suna ba da adireshin fili, sai dai yawanci da ƙarin kuɗi. In layinku yana da IPv6, mai adireshi masu yawan da kowace na'ura za ta samu nata, DDNS na aiki da shi, amma sai inda kake zaune ma yana da IPv6 ɗin. Abin da ya fi sauƙi ga ɗalibi a ganina shi ne manhaja irin Tailscale ko ZeroTier. Dabararsu ita ce kwamfutar gida da wayarka kowacce ita ke fita waje, su haɗu a can, tunda maigadi ba ya hana na ciki fita. Ba buɗe ƙofa, ba DDNS. Abokin nan nawa da ita ya ƙare, cikin rabin awa. Wani zai ce to me ya sa ba za mu yi haka duka ba? Gaskiya ga mutane da yawa hakan ya wadatar. Amma ka sani ka dogara ne da wani kamfani ya riƙa haɗa ku, kuma duk na'urar da za ta shiga sai an sa mata manhajar.

Saura maganar da ta fi komai nauyi. Ranar da ka buɗe ƙofa, ba kai kaɗai za ka zo ba. Akwai kwamfutoci da ba su da aikin yi dare da rana sai bin adireshi ɗaya bayan ɗaya suna taɓa ƙofofi. Akwai ma shafi mai suna Shodan da ke tattara jerin na'urorin da ke buɗe a intanet, kowa na iya bincikawa. Da na buɗe fot 22 don gwaji, washegari na duba rajistar kwamfutar, na tarar da layi bayan layi na masu gwada shiga da suna root da admin, daga wuraren da ban taɓa jin sunansu ba. Ba wanda ya san shagon Baba a cikinsu. Ƙofa suka gani.

In kana ganin wasa ne, a 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa kame kyamarorin tsaro da na'urorin ɗaukar bidiyonsu da rautoci, ba da wata gwaninta ba, sai da gwada kalmomin sirrin da suka zo da su daga kamfani waɗanda masu su ba su canza ba. Ranar 21 ga Oktoban shekarar aka tura wannan runduna kan Dyn, kamfanin da na ambata ɗazu, mutane da yawa a Amurka da Turai suka kasa shiga Twitter da Netflix da wasu manyan shafuka na tsawon awanni. Masu kyamarorin ba su ma san da kayansu aka yi aikin ba. Ka tuna kuma kyamarar gida tsakar gida take kallo, inda iyayenka mata da 'yan'uwanka suke. Ni dai ba zan taɓa miƙa ƙofar kyamara kai tsaye ga intanet ba, haka ma 3389.

Abin da na yi a ƙarshe shi ne na rufe duk ƙofofin da na buɗe, har da ta manhajar shagon, wadda a gwajina na farko na bar ta a fili da sunayen duk masu bashin Baba a ciki. Wannan wautar in na tuna ta ta fi kunyar ofishin Malam damuna. Na sa WireGuard a kwamfutar, na buɗe ƙofa ɗaya tak, 51820 ta UDP. WireGuard rami ne na sirri tsakanin na'urarka da gida, da mabuɗai yake aiki maimakon kalmar sirri, kuma wanda ba shi da mabuɗi in ya ƙwanƙwasa ko amsa ba zai samu ba, kamar babu kowa. A setin wayata da laftof ɗina, inda ake rubuta adireshin gida, sai na sa sunan DuckDNS. Da na kunna, na zama kamar ina zaune a shagon, komai na ciki ina ganin sa da lambarsa ta 192.168. Abu ɗaya da za ka lura: WireGuard yakan nemi lambar sunan ne lokacin da ka kunna shi. In adireshin gida ya canza kana ciki, kashe ka sake kunnawa.

Wuta kuwa ba DDNS ɗin da zai kawo maka ita. Na shiga BIOS na kwamfutar na sa ta riƙa tashi da kanta in wuta ta dawo, ba sai an danna ba, na kuma haɗa rautar da ƙaramin batiri. Ka tuna ma duk fayil ɗin da ka jawo daga gida datar gidan yake ci, gudun aikawa kuma yawanci bai kai na saukewa ba, don haka kada ka sa ran kallon fim daga can.

Mako biyu bayan waccan Talatar na koma ofishin Malam. Na kunna ramin, na buɗe shafin, muna kallo sai ga sabon layi ya faɗo: buhun siminti goma, an biya rabi. Baba ne ke ciniki a can. Malam ya tambaye ni me zai faru in adireshin ya canza yanzu, na kira ƙanena na ce ya zare rautar ya mayar. Muka zauna muna jira, Malam yana duba agogo. Da minti shida suka wuce na kashe WireGuard na kunna, shafin ya dawo. Ya sa hannu a takardata, ya ce in ƙara babi a kan tsaro, shafi goma, zuwa Juma'a.